Daga Luwanda Zuwa Gujungu: Wa Takunkumi Ke Ci?

Manoman ƙaramar hukumar Taura ba za su yi saurin mantawa da daminar 2022 ba. Ruwa ya yi yawa, Kogin Haɗeja ya tumbatsa ya shafe gonaki a Ringim da Taura da sauran garuruwan da ke bakinsa. Amma tun kafin ambaliyar, wata masifar ta riga ta iso kasuwar Gujungu a cikin buhu. Takin zamani samfurin NPK, wanda shirin gwamnatin tarayya ya sayar a kan naira 5,500 a shekarar 2017, ya haura naira 20,000. Mai gona ya tuhumi mai shago, mai shago ya ce daga Kano ne, na Kano ya ce daga Legas ne, na Legas kuwa ya nuna wata ƙasa mai suna Yukren, wadda yawancin masu sayen ba su taɓa jin sunanta ba sai a rediyo a wannan shekarar.

Akwai gaskiya a maganar, ko da yake faɗuwar darajar naira da tsadar man dizal su ma sun sa hannu. Ranar 24 ga Fabrairu, 2022, sojojin Rasha suka kutsa cikin maƙwabciyarsu Yukren ta arewa da gabas da kudu. Ƙasashen biyu su ke fitar da kusan kashi 30 cikin 100 na alkamar da ake cinikinta a duniya, Najeriya kuwa fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da take yin fulawa da burodi da taliya daga waje take shigo da ita. Rasha da ƙawarta Belarus su ke fitar da kimanin kashi 40 cikin 100 na sinadarin fotash, ɗaya daga cikin abubuwa uku da ake haɗa NPK da su. Odar fotash da Najeriya ta yi daga Rasha a wannan shekara ba ta iso a kan kari ba, sai da aka ruga Kanada aka sayo na gaggawa. Ko yuriya da masana'antun Indorama da Dangote ke yi a gida ba ta tsira ba, domin idan farashinta ya tashi a Barazil, babu ɗan kasuwar da zai sayar da ita da araha a Jigawa.

Me ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta hukunta Rasha ba?

Idan wata ƙasa ta far wa maƙwabciyarta, duniya na da hanyoyi uku: a shiga yaƙin, a taimaki wanda aka far wa da kuɗi da makamai, ko a ƙuntata wa wanda ya kai harin ta hanyar ciniki. Na ukun shi ne takunkumi. Ana iya hana sayar masa da makamai, a riƙe kuɗinsa da ke bankunan waje, a daina sayen kayansa, a hana jiragensa sauka, ko a hana manyansa biza.

Takunkumin da ya hau kan kowace ƙasa dole shi ne wanda Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaƙaba. Sai dai ƙasashe biyar a kwamitin, wato Amurka, Birtaniya, Faransa, Sin da Rasha, kowacce na da ikon hawa kujerar na-ƙi. Kwana ɗaya da fara yaƙin aka kawo ƙudurin yin Allah wadai da Rasha, ita kuma ta hau kujerar, magana ta mutu. Aka koma babban zauren majalisar, inda ranar 2 ga Maris ƙasashe 141 suka nemi Rasha ta janye, biyar suka ƙi, 35 suka ƙaurace. Najeriya da Nijar na cikin 141 ɗin. Mali da Afirka ta Kudu na cikin waɗanda suka ƙaurace. Amma ƙudurin babban zaure ba ya ɗaure kowa.

Saboda haka takunkumin da ke kan Rasha na Amurka ne da Tarayyar Turai da Birtaniya da Japan da ƙawayensu, kowa ya sa nasa. Sun riƙe kimanin dala biliyan 300 na babban bankin Rasha. Sun cire wasu manyan bankunanta daga SWIFT, hanyar da bankunan duniya ke aika wa juna saƙon biyan kuɗi. A Disambar 2022 suka ce kamfanonin jiragen ruwa da na inshora nasu ba za su yi dakon ɗanyen man Rasha ba sai an sayar da ganga a kan dala 60 ko ƙasa da haka. A ɗaya hannun kuma suka buɗe wa Yukren taska: majalisar dokokin Amurka kaɗai ta amince da kimanin dala biliyan 175 tsakanin 2022 da Afrilun 2024.

A takarda, ba a hana sayen abinci ko takin Rasha ba. A aikace, banki na tsoron ya biya kuɗi ya faɗa tarkon tarar Amurka, mai jirgin ruwa na tsoron shiga Bahar Aswad da ke cike da nakiyoyi, mai inshora ya ninka kuɗinsa. Wannan tsoron ne ya sa shugaban Senegal na lokacin, Macky Sall, wanda ke riƙe da shugabancin Tarayyar Afirka, ya tafi Sochi a Yunin 2022 ya gana da Vladimir Putin a kan hatsi da taki. A watan da ya biyo baya Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga tsakani aka buɗe wa jiragen hatsin Yukren hanya. Kafin Rasha ta fice daga yarjejeniyar a Yulin 2023, an fitar da kusan tan miliyan 33.

Lokacin da Najeriya ce ke gaba

Masu cewa wannan duk harkar Turawa ce sun manta da tarihin gida. Akwai lokacin da Najeriya ce ke yawo ƙasa-ƙasa tana neman a ƙaƙaba wa mai mamaya takunkumi, Turawan Yamma kuma su ne ke jan ƙafa.

A 1975 Fotugal ta shirya ficewa daga Angola, ta tsayar da 11 ga Nuwamba ranar 'yanci. Ƙungiyoyi uku ke neman mulki: MPLA ta Agostinho Neto, FNLA ta Holden Roberto, da UNITA ta Jonas Savimbi. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, wadda ke riƙe da Namibiya da ƙarfin tsiya, kuma ta haka ta zama maƙwabciyar Angola, ba ta son MPLA ta hau. A watan Oktoba ta tura sojoji da motocin sulke suka tsallaka iyaka suka nufi Luwanda. Kyuba ta aiko da nata sojojin don tare su.

Janar Murtala Ramat Muhammed, ɗan Kano, bai wuce wata huɗu a kan mulki ba. Da farko matsayin Najeriya shi ne ƙungiyoyin uku su haɗu su kafa gwamnatin haɗin kai. Da ta tabbata cewa sojojin wariya na yaƙi a gefen UNITA da FNLA, sai gwamnatin Murtala ta juya baki ɗaya. Ranar 25 ga Nuwamba ta amince da gwamnatin MPLA, ta kuma bi amincewar da gudunmawar dala miliyan 20. Shugaban Amurka Gerald Ford ya rubuta wa shugabannin Afirka wasiƙa yana jan hankalinsu kada su bi wannan hanya. Legas, babban birnin Najeriya a lokacin, ba ta tsaya ga ƙin bin shawarar ba, ta saki wasiƙar ga jaridu, ta kira ta cin fuska. Ranar 11 ga Janairun 1976 Murtala ya tsaya gaban taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa ya gaya wa manyan ƙasashe cewa Afirka ta girma, ba ta ƙarƙashin ikon kowa. Taron ya tashi kunnen doki, ƙasashe 22 nan, 22 can, amma cikin wata guda rinjaye ya koma wajen MPLA, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta karɓi Angola a matsayin mamba. Kwana kaɗan bayan haka, ranar 13 ga Fabrairu, aka kashe Murtala a Legas. Har yau babban titin da ya ratsa tsibirin Luwanda sunansa yake ɗauke da shi.

Sojojin Afirka ta Kudu sun janye a ƙarshen Maris, amma ba su daina dawowa ba. Shekara bayan shekara suna kai hari Angola, suna kuma taɓa Mozambik, Zambiya, Botsuwana, Lesotho da Zimbabuwe, ƙasashen da ake kira na bakin daga. Najeriya, duk da nisanta, an riƙa lissafa ta a cikinsu saboda irin abin da take kashewa. A 1976 aka kafa asusun agaji na kudancin Afirka, aka riƙa yankar wani abu daga albashin ma'aikatan gwamnati, ɗalibai da 'yan kasuwa suka zuba nasu. Malamin firamare a Ringim ko Gumel na wancan zamani, idan yana raye, yana da hakkin ya ce da kuɗinsa aka yi wannan gwagwarmaya. An ba 'yan gudun hijira guraben karatu a makarantun Najeriya. Thabo Mbeki, wanda daga baya ya mulki Afirka ta Kudu, ya zauna a Legas yana wakiltar ƙungiyar ANC mai yaƙi da wariyar launin fata.

Ta fuskar takunkumi kuwa, Najeriya ta yi amfani da duk abin da ke hannunta. Ta janye daga wasannin Olamfik na Montreal a 1976 tare da wasu ƙasashen Afirka fiye da 20, ta ƙaurace wa wasannin ƙasashe renon Ingila a 1978. A Agustan 1977 Legas ta karɓi baƙuncin taron duniya na yaƙi da wariyar launin fata, a Nuwamban shekarar kuma Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 418 wanda ya haramta wa kowace ƙasa sayar wa Afirka ta Kudu makamai. Gwamnatin Obasanjo ta kwashe kuɗinta daga bankin Barclays saboda hulɗarsa da gwamnatin wariya, bankin da ya rikiɗe ya zama Union Bank. A 1979, ana gab da taron ƙasashe renon Ingila a Lusaka, ta ƙwace hannun jarin kamfanin mai na BP. Gidajen man AP da aka sani a bakin titunanmu daga nan suka samo asali. A zamanin Shagari, Ɗan Masanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule ne ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata, bayansa Janar Joseph Garba, sannan Farfesa Ibrahim Gambari.

To, takunkumin ya yi aiki? Ya yi, amma ba yadda masu sa shi suka yi tsammani ba, kuma ba da wuri ba. Da aka hana ta mai, Afirka ta Kudu ta faɗaɗa kamfanin Sasol mai tace mai daga kwal, ta kuma riƙa saye a ɓoye da tsada. Da aka hana ta makamai, ta ƙarfafa nata kamfanin, Armscor. Margaret Thatcher a Landan da Ronald Reagan a Washinton suka dage cewa takunkumin tattalin arziki baƙaƙen fata zai cuta, hujjar da ake ji daga bakin wasu a yau a kan wasu ƙasashen. A Mayun 1986, tawagar dattawan ƙasashe renon Ingila wadda Obasanjo ke cikin shugabanninta tana cikin Afirka ta Kudu tana neman sulhu, sojojin ƙasar suka kai hari Botsuwana da Zambiya da Zimbabuwe a rana guda. Rainin hankali bai wuce haka ba.

Abin da ya karya lagon gwamnatin wariya haɗuwar abubuwa ne. A 1985 bankin Chase Manhattan na Amurka ya ƙi sabunta mata bashi, sauran bankuna suka bi sahu, kuɗinta ya faɗi warwas. A 1986 majalisar dokokin Amurka ta tsallake ƙin amincewar Reagan ta kafa dokar takunkumi. A cikin gida ƙungiyoyin ƙwadago da matasa suka hana ta sakat. A fagen fama kuma haramcin 1977 ya fara nuna kansa bayan shekara goma: jiragen yaƙinta samfurin Mirage sun tsufa, ba ta da inda za ta sayo sababbi, alhali Angola da Kyuba na shawagi da jiragen da Tarayyar Sobiyet ta ba su. Bayan gwabzawar Cuito Cuanavale ta 1987 zuwa 1988, da sojojin Kyuba kimanin 50,000 a ƙasar, aka sa hannu kan yarjejeniya a New York ranar 22 ga Disambar 1988. Namibiya ta sami 'yanci ranar 21 ga Maris, 1990, makonni kaɗan bayan sakin Nelson Mandela. Daga shigar sojojin wariya Angola zuwa yarjejeniyar, shekara 13 ke nan. Su kuwa mutanen Angola, yaƙin basasarsu bai ƙare ba sai 2002, domin masu kawo musu gudunmawa ta kowane ɓangare kowa da tasa manufar ya zo.

Misalin Kuwaiti ya fi wannan gajarta, ya kuma fi shi ɗaci. Iraƙi ta mamaye ta ranar 2 ga Agustan 1990. Cikin kwana huɗu Kwamitin Sulhu ya rufe wa Iraƙi kusan duk wata ƙofar ciniki, ba wanda ya hau kujerar na-ƙi. Saddam Hussein bai motsa ba. Sai da rundunar ƙawance, wadda har Nijar ta Janar Ali Saibou ta tura wa sojoji, ta kore shi da ƙarfin bindiga a Fabrairun 1991. Takunkumin ya ci gaba har 2003. Asibitoci suka rasa magani, albashin ma'aikaci ya zama ba ya sayen komai, Saddam kuwa yana nan daram a fadarsa.

Wanda ya san waɗannan biyun ba zai yi mamakin abin da ya faru da Rasha ba. Turai ta rage sayen manta, Indiya da Sin suka buɗe baki, har ma Indiya ta rage sayen ɗanyen man Najeriya saboda ta samu mai rahusa. Tsofaffin jiragen dako da ba a san takamaiman masu su ba suka riƙa safarar man a ɓoye. Kayan lantarki da aka hana sayar mata suka riƙa shiga ta Turkiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ƙasashen tsakiyar Asiya. Duk wanda ya san yadda shinkafar waje ke shigowa a bayan babur duk da shingayen kwastan ya fahimci dabarar. Tattalin arzikin Rasha ya ɗan ja baya a 2022, ya haɓaka da sama da kashi 3 cikin 100 a 2023, yawanci saboda kuɗin da ake zubawa a masana'antun makamai. Takunkumin ya sa mata tsada da wahala, bai fitar da sojanta ko ɗaya ba. Abin da ya hana Kiyef, babban birnin Yukren, faɗuwa shi ne turjiyar mutanensa da makaman da aka ba su.

Ɓangarorin biyu kuma ba su manta da zawarcin Afirka ba. Wani kamfanin Rasha ya aiko wa Najeriya kyautar fotash sama da tan 30,000, Yukren ta aiko da alkama tan 25,000 ta hannun Hukumar Abinci ta Duniya a 2024. Abin da ya fi waɗannan kyaututtuka amfani ga Jigawa ya fito ne daga Bankin Raya Afirka, wanda a 2022 ya ware dala biliyan 1.5 don noman gaggawa a nahiyar, Najeriya ta karɓi rancen dala miliyan 134 daga ciki. Da shi aka tallafa wa shirin noman alkama na rani da aka ƙaddamar a yankin Haɗeja a Nuwamban 2023, inda gwamnatin Jigawa ta Gwamna Umar Namadi ta ware hekta 40,000, manomi ya biya rabin kuɗin iri da taki. Fadamun Jigawa sun daɗe suna iya ba da alkama. Sai da yaƙi ya tashi a Turai aka tuna da su.

Wanda aka sa a ƙofar gida

Mutanen tsakiyar Jigawa ba su gama farfaɗowa daga takunkumin nesa ba, na kusa ya same su. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu, suka rufe iyakoki, suka hana zirga-zirgar jirage, suka riƙe kuɗin Nijar a babban bankin yankin, suka kuma yi barazanar amfani da ƙarfin soja. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi.

Ya kamata a bambance wannan da na baya. Nijar ba ta mamaye kowa ba. Rikicinta na cikin gida ne, hukuncin kuma na juyin mulki ne. Amma kayan aikin da aka ɗauko su ne dai waɗanda ake amfani da su a kan mai mamaya, kuma an ɗauko su gaba ɗaya a rana guda, ba tare da an fito fili an ware abinci da magani ba. Jihohi bakwai na Arewa, Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, su ke zaune a kan wannan iyaka. Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis, inda shanu da raƙuma da tumakin Damagaram ke shigowa a yi lodinsu zuwa kudu, ta yi tsit. Wanda ya saba ɗaukar gero da masara daga Gujungu ya bi ta Gumel ya kai bakin iyaka ya rasa mai saye. Dillali, ɗan dako, direban tirela, mai sayar da abinci a tasha, duk an hukunta su a kan laifin da ba su san lokacin da aka ƙulla shi ba. A can ƙetare kuma farashin shinkafa ya tashi, magunguna suka yi ƙaranci, Yamai da Maraɗi da Damagaram suka kwana a duhu.

Ba mamaki da Arewa ce ta fi ɗaga murya. Majalisar dattawa ta ƙi goyon bayan tura sojoji. Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar sun je Yamai, Muhammadu Sanusi na Biyu ya gana da Tchiani, ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ya bi baya. A Fabrairun 2024 Janar Yakubu Gowon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ECOWAS a 1975, ya roƙi a ɗage takunkumin. Ranar 24 ga watan aka ɗage, a Maris aka buɗe iyaka.

Wata bakwai aka yi ana wannan matsi, kuma babu ɗaya daga cikin buƙatun ECOWAS da aka biya. Ranar da aka ɗage takunkumin Bazoum yana tsare, sojojin da ake son a kora sun ƙara samun farin jini a titunan Yamai, sun kori sojojin Faransa, ba da jimawa ba kuma masu horarwa daga Rasha suka sauka. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancensu na AES, ficewarsu daga ECOWAS kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025.